Malam Ishiyaku na Rano da Faifan Mai Gangar Noma

In ka tambayi mutanen bakin kasuwar Rano wane ne Malam Ishiyaku Mai Rediyo, amsar da za ka samu ta danganta da wanda ka tara. Murtala mai shayi, wanda teburinsa ke jingine da rumfar Malam tun yana saurayi, cewa yake, "Mutum ne da za ka kawo masa rediyo, ya kunna, ya kara a kunne, ya yi shiru har shayinka ya huce. Ka ɗauka barci ya kwashe shi, ashe sauraro yake." Direbobin tashar Kano cewa suke ya fi hawainiya nawa, amma abin da ya gyara sai dai 'ya'yanka su gada. Ardo Ubaidullahi kuwa, da ke saukowa daga rugarsu ta wajen Rurum Sabon Gari, yana da wata rediyo da ta faɗa rafi, saniya ta taka ta, Malam ya tashe ta, har yau ita ke raka shi kiwo. "Da ana kwantar da shanu a teburin nan," in ji Ardo, "da ni da malamin dabbobi sai dai gaisuwa."

Shi kansa ba ya cewa komai a kan kansa. In an idar da sallar asuba ya gama wuridinsa, sai ya sha kokonsa, ya turo tsohon kekensa zuwa rumfa. Ya yi shara, ya yayyafa ruwa, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya jera sukundireba da ƙarfen liƙa darma da 'yar mitarsa. Gefe guda akwai wani faranti mai fure, a ciki yake zuba sukurorin duk abin da ya kwance, kuma ba ya kwance abu biyu a lokaci ɗaya, ko da mai na biyun zai yi ta tsaki har magariba. Kafin ya taɓa kaya sai ya tambayi mai shi, "Me ya yi kafin ya yi shiru?" Sai ya saurara. Sai ya shinshina. Buɗewa ita ce ta ƙarshe.

Haka ya yi tun zamanin rediyo mai batir shida, ya ratso zamanin kaset, ya iso na waya da sola. Yanzu yanar ido ta rage masa gani, ya ce ya isa, ya rufe rumfa. Ba a ba shi lambar yabo ba, ba a kira sunansa a gidan rediyon da ya yi shekaru yana yi wa masu sauraronsa gyara ba. Shi ya sa aka ga ya dace a rubuta ko da ɗaya daga cikin ayyukansa, kuma aka zaɓi na ƙarshe mai nauyi da ya yi, wanda mutanen Rano da na Kahu suka shaida.

Farkon daminar bara ce. Wani manomin albasa daga Kahu ta ƙasar Kibiya, Uzairu, ya tsayar da babur a ƙofar rumfa. A bayansa mahaifiyarsa ce, Hajiya Dije, rungume da wani abu a cikin buhun taki. Daga asibiti suke. Ta sauko ta zauna a benci, ta yi magana da ƙarfi irin ta wanda ba ya jin muryar kansa sosai.

"Malam, an ce kai ne mai ta da matattu."

"Subhanallahi, Hajiya, wannan aikin Mai Sama ne. Ni sai dai waɗanda suka suma."

"To ga wanda ya suma tun Auta yana rarrafe." Ta nuna Uzairu da haɓa. "Kunnena na hagu ya tafi tuni. Na dama ma yana haɗa kayansa, likita bai ɓoye mini ba. Ba kurumtar nake tsoro ba. Na ji abin da na ji a duniya, wani ma da ban ji ba ya fi mini alheri. Amma akwai murya ɗaya da nake so in ji kafin a rufe ƙofar."

Mijinta, marigayi Mahdi, makaɗin gangar noma ne. A zamaninsa in ana gayya tsakanin Kahu da Kibiya, shi ake ɗaukowa ya zuga samari har su manta da rana. Sau ɗaya tak wasu masu kamfani suka kai shi Kano suka ɗauki muryarsa a faifai. Kamfanin ya mutu, sauran faifan sun bi rariya, saura guda ɗaya, shi ne wanda Hajiya Dije ta kwanto daga cikin tsohon ɗankwalinta. Ya rasu Uzairu yana goye. Ba kaset, ba hoto mai motsi, ba komai. In faifan nan ya lalace, Mahdi ya yi shiru har abada.

Na'urar da ke cikin buhun kuwa wan Hajiya Dije ne ya kawo wa marigayin tsaraba daga Jidda, kuma ba irin garmahon da aka sani ba ce. Garmaho dai duk wanda ya manyanta ya san shi: hannu ne mai allura a baki, ka ɗaga da yatsa ka ɗora a gefen faifai, ya riƙa karkatowa ciki kamar lauje. Wannan hannunsa a kan wani siririn ƙarfe yake zaune, yana tafiya sambal daga gefe zuwa tsakiya kamar mai bin kunyar gona, kuma ba a taɓa shi. Maɓalli ake dannawa, shi ya kai kansa. Malam Ishiyaku ya ce rabonsa da ganin irinta tun yana koyon aiki a Kano.

Ya fara da faifan. Ya riƙe shi ta gefe da tafukansa, ya karkata shi ga haske. Zafin ɗaki ya ɗan lanƙwasa shi. Akwai tsofaffin tabo da suka dushe, waɗannan ba su dame shi ba. Amma a bakin faifan, a kan waƙar farko, ga wani karce ɗanye shar, fari, ya ratsa layuka kamar an ja ƙaya a jikin ƙwarya. Ya ajiye. Ya sunkuya ya shinshina na'urar. Man gyaɗa.

Nan take ya karanta abin da ya faru. Wani ya sauko da ita kwanan nan, ya ga hannun ya ƙi motsi, ya yi mata abin da muke yi wa ƙofa mai kuka ko sarƙar keke, ya ɗiga mata man girki. Da ta ƙi, sai ya kama hannun ya tura da ƙarfi yadda ya ga ana yi wa garmaho. Allura ta faɗa kan faifai ta ja. Malam ya ɗaga kai ya dubi Uzairu. Uzairu na kallon motocin tasha kamar yau ya fara ganin mota.

"An taɓa ta kwanan nan?"

"Wa zai taɓa, Baba? Shekara da shekaru tana saman kabad."

"To," in ji Malam. Ya sa faifan cikin rigarsa ta kwali, ya sa a akwatin ƙarfe, ya kulle.

Da ya buɗe cikin na'urar, abin da ya fara cin karo da shi ginin zanzaro ne, har ɗaki uku, a manne da allon wayoyi. Ya nuna wa Hajiya Dije kafin su tafi. Ta yi dariya har da tari. "In albishir ɗin goyo ya kawo, ya makara. Rushe masa, Malam."

Daga nan aiki ya zama na shi da na'urar. Robar da ke juya ƙaramin injin hannun ta narke ta zama kamar kwalta, sai da ya yi ta gogewa da auduga a tsinke yana tsomawa a sifirit. Ya zazzage kwalin tsofaffin robobin rediyo mai kaset, ya riƙa gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ta yi sako-sako tana zamewa, waccan ta matse har injin na nishi. Man gyaɗar ya haɗu da tsohon giris ya daskare kamar ƙaro a jikin ƙarfen da hannun ke bi, ya wanke shi tas ya sa man keken ɗinki, ɗigo kaɗan. Zaren da ke jan hannun ya sauka daga kan 'yar tayar da yake bi saboda turin da aka yi, ya mayar. Duk da haka hannun ya je ya tsaya cak a gefen faifai, ya ƙi gaba.

Ya yi ta bin waya da mita har ya gano dalili. A gindin hannun akwai wani ƙwan fitila da bai fi ƙwayar dawa ba, da wani ido da ke fuskantarsa. In allura ta bi layi ta ɗan jawo hannun, haske ya faɗa kan idon, sai injin ya matsar da shi gaba kaɗan. Haka yake tafiya, taku bayan taku, har waƙa ta ƙare. Ƙwan ya mutu, idon na cikin duhu. Ya ciro wani daga cikin mataccen rediyon mota ya dasa. Allurar kuwa ta karye, sai da ya shiga mota da kansa ya je wajen wani tsohon abokin sana'arsa a Kasuwar Sabon Gari ta Kano, suka yini suna tonon kwalaye.

Hannun ya fara tafiya. Malam na da tarin tsofaffin faifan Indiya da masu su suka watsar, a kansu yake gwaji. Sai ga wata sabuwar matsala: in hannun ya kai tsakiya sai ya yi tuntuɓe, allura ta yi tsalle ta faɗo. Ba kullum ba. Wani lokacin ya wuce lafiya, wani lokacin ya yi.

A can Kahu kuwa kunnen Hajiya Dije na ƙara nisa. An kai sai an matso an yi mata ihu. Ranar wata kasuwa Uzairu ya iso rumfa fuska a murtuƙe, ko sallamar kirki bai yi ba.

"Baba, kana nan kana ta shafa ƙarfe kamar mai yi wa amarya lalle, tsohuwa na can tana kurumcewa!"

"Zauna, Uzairu. Murtala, ba shi shayi."

"Ba shayi ya kawo ni ba. Ga shi tana juyi, ga sauti na fita. Ɗora na mahaifina mu ji."

"Tana tuntuɓe a tsakiya. In ta yi a kan faifan Indiya, Indiya ba ta rasa mawaƙa ba. In ta yi a kan na mahaifinka, ina za mu samo wani?"

"Ɗora dai!"

"Ba zan ɗora ba."

"To ba ni kayana in kai Kano, inda masu ido suke."

Malam ya buɗe akwati ya miƙa masa. Uzairu ya fizga, faifan ya zamo daga rigarsa, ya cafe shi a iska. Mutane sun riga sun taru, rana ta haska kan karcen nan. Wani mai sayen batir ya leƙo ya ce, "Kai! Wa ya yi wannan ta'asar?"

Uzairu ya dubi faifan, ya dubi jama'a. Sai ya ce da ƙarfi, "Tambayi makahon da na ba ajiya."

Waɗanda suke tsaye sun ce Malam Ishiyaku bai ko canja zama ba. Cewa kawai ya yi, "Riƙe shi ta gefe, gumin yatsa na ɓata shi. In Kanon za ka kai, kai. Amma kada ka yarda a ɗora shi a garmaho mai nauyin hannu, ya lanƙwashe, allurar za ta nome shi." Uzairu ya dire faifan a kan farin ƙyallen, ya buga babur ya tafi.

Magana ba ta da ƙafa amma ta riga babur isa Kibiya. Aka ce idon Ishiyaku ya tafi, yanzu ɓata kaya yake. Wasu da suka kawo gyara suka zo suka karɓe abinsu ba tare da sun haɗa ido da shi ba. Abin ya ci Murtala mai shayi har ya kasa haƙuri.

"Malam, ina nan ranar da aka kawo ta. Na ga kana shinshinawa, na ga kallon da ka yi masa. Ka buɗe baki mana! Sunan da ka gina tun kafin a haife shi, yaro zai rushe da kalma ɗaya?"

Malam ya ci gaba da murza tsinkensa. Can ya ce, "Uwarsa kunne ɗaya ya rage mata, shi ma na aro. Da shi zan sa ta ji cewa autanta ne ya karce muryar mijinta?"

Malam Ishiyaku, kai ne ka zauna a rumfar da ta yi shiru, masu wucewa na gaishe ka daga nesa, ka ci gaba da aikin wanda ya zage ka. Kai ne idonka ya gaza gano inda hannun ke tuntuɓe, ka rufe shi gaba ɗaya, ka bi siririn ƙarfen nan da kan yatsa a hankali, gaba da baya, har ka ji wani ɗan kaushi da farce ma da ƙyar yake kamawa, inda turin ƙarfi ya ƙwarzane shi. Ka goge wurin da tsumma da man goge baki har ya yi sumul. Ka gwada, ka sake gwadawa, sai da ka bi duk faifan Indiyan nan ciki da baya hannun bai yi gargada ba. Dutse a bakin kasuwa, ruwa ya dake ka, rana ta dake ka, kana inda kake.

Bai aika a zo a ɗauka ba. Shi ya naɗe na'urar a bargo, ya rungume ta a cinya a motar Kibiya, yana roƙon direba ya bi ramuka a sannu, fasinjoji na yi masa tsiya wai ya ɗauko jaririya. Daga Kibiya aka ƙarasa da shi Kahu, da batir da inbata na ba na'urar wuta a bayan wani babur. Da hantsi ya isa. Aka yi masa iso har tsakar gida, aka shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya. Matan maƙwabta suka cika gidan. Asma'u, babbar 'yar Hajiya, ta amsa gaisuwarsa a daƙile. Uzairu na tsaye a bakin zaure, bai shigo ba, bai fita ba.

Malam ya ajiye sifika dab da kunnen Hajiya na dama. Ya yi bisimilla, ya ɗora faifan, ya danna maɓalli. Hannun ya taso da kansa, ya tafi, ya sauka a hankali kamar tsuntsu a kan zangarniya. Ganga ta tashi. Amma duk juyi ɗaya sai a ji ƙas, ƙas, ƙas.

"Mene ne ke sara a ciki kamar mai faskare?" in ji Hajiya.

Ya matsa kusa da kunnenta. "Tabo ne, Hajiya. Yanzu za mu wuce shi."

"Wa ya yi?"

"An ce a rumfa aka yi," Asma'u ta faɗa, ba ƙasa-ƙasa ba.

Malam bai waiwaya ba. Idonsa na kan hannun. "Ga shi, mun wuce."

Sai murya ta fito, tana kiran samarin Kahu su ɗaga garma, gero ba ya jiran mai barci. Matan suka yi guɗa. Hajiya Dije kuwa ta yamutsa fuska ta girgiza kai.

"Sauri yake. Shi ba ya sauri, ko gobara ake yi."

Malam ya zaro siririyar sukundireba, ya zura ta wani ɗan rami a ƙasan na'urar, ya murɗa kaɗan. "Yanzu fa?"

"Da saura."

Ya ƙara. Muryar ta sauko, ta yi kauri, ta zauna.

"Tsaya." Ta ɗaga hannu. Ta kasa kunne har baiti ya ƙare. "Shi ne."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Mahdi na ta jero sunayen manoman zamaninsa, kowane suna ya faɗo sai a ji wata tsohuwa daga cikin taron ta ce, "Allah ya jiƙansa." Da faifan ya ƙare ta ce a juya. Da ɗaya gefen ya ƙare ta ce a sake. Malam ya koya wa Asma'u maɓallan, ya ce, "Abu ɗaya, 'yata. Hannun nan ba a tura shi. Ko ya tsaya, a bar shi, a aiko mini." Da ya zo fita, ya wuce ta gaban Uzairu ya ce, "Allah ya yi albarka." Uzairu ya matsa ya ba shi hanya.

Hajiya Dije ta ji muryar mijinta duk tsawon daminar nan. Kafin a yanke gero kunnen ya rufe ruf. Tana nan da ranta, kuma har yanzu takan sa a kunna mata, ta ɗora tafinta a kan sifikar, ta ce gangar na zuwa mata ta hannu.

Mun gode, Malam Ishiyaku. Allah ya saka maka da alheri, ya haskaka idonka, ya rufa maka asiri duniya da lahira yadda ka rufa na wani alhali naka sunan ne ke ƙonewa. Masu gyara na yau, na waya da na sola da na babur, ga abin koyi: ku tambaya kafin ku buɗe, kada gaggawar mai kaya ta sa ku ɓata abin da ba shi da na biyu, kuma abin da kaya suka faɗa muku game da mai su, ba duka ake kai wa kasuwa ba.

Da ba za a iya rubuta wannan labari haka ba, don Malam ba zai taɓa yarda ba, in ba don abin da ya faru ranar da ya rufe rumfa. 'Yan kasuwa sun haɗu an yi addu'a, Murtala na raba shayi, ana shirin watsewa, sai ga Uzairu. Ya kafe babur, ya ratso mutane, ya tsaya daidai inda ya tsaya a wancan karon. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

Malam ya gane muryar gaisuwarsa. Ya miƙa hannu. "Tashi, Uzairu. Abin da ya wuce ya wuce."

"A'a, Baba. Da ƙarfi na faɗa a nan, da ƙarfi zan janye." Ya juyo ga jama'a. "Jama'a, ku shaida. Ni na karce faifan mahaifina. Ban taɓa jin muryarsa ba tun da na yi wayo, na ɗauko a ɓoye don in riga kowa ji. Ni na zuba man gyaɗa, ni na tura hannun. Baba ya sani tun ranar farko bai faɗa ba, ni kuma na kira shi makaho a gabanku. Jiya na kasa ci gaba da riƙewa. Inna ba ta ji, sai na kama yatsanta na ɗora a kan tabon faifan, na ɗauke na ɗora a ƙirjina. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, 'Ba ni za ka gaya wa ba. Tafi Rano.'"

Ya juyo ya kama hannun tsohon da hannu biyu, ya sunkuyar da kai.

"Baba Ishiyaku, na zalunce ka, na ɓata maka suna a banza. Don girman Allah ka yafe mini."